Mutum Nawa Ke Kwana a Ɗakin Nan?

Ɗakin da na tashi a cikinsa a Kurna, in Baba ya taka shi, taku biyar ne a tsaye, huɗu a kwance. Mu bakwai muke kwana a ciki. Baba da Inna da Auta a kan katifa, ni da ƙanwata a tabarma wajen ƙafafunsu, ƙannena maza biyu kuma a bakin ƙofa kusa da randa. Taga ɗaya ce, 'yar ƙarama, tana kallon lungun da kwatar gidaje uku ke bi. Tun wani hunturu Baba ya toshe ta da kwali da tsumma, da sanyi ya wuce kuma babu wanda ya yi zancen buɗe ta, don wari da sauro kawai take shigo mana da su. Ko da azahar, in Inna za ta zura zare a allura sai ta fito tsakar gida. Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan hayar, kowanne da iyalinsa, rijiya ɗaya, bayan gida ɗaya.

Shekara wajen 20 ke nan da abin da zan faɗa ya faru, labarin yadda tarin fuka ya shiga ɗakinmu. Ba mu taɓa zama mun yi hirarsa a gida ba. Sai bana Inna da kanta ta ce mini, in ina son in faɗa wa mutane in faɗa, wataƙila wata uwar ta ji ta tsira da nata.

Lokacin da aka haife ni Baba yana aiki a wata masaƙa a Bompai. Muna da ciki da falo, Inna tana zuwa awo, a asibiti ta haife ni, ga tabon lambar BCG, rigakafin tarin fuka, nan a dantsena na hagu har gobe. Da masaƙun Kano suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, ga rashin wuta, ga atamfar waje mai arha ta cika kasuwa, sai aka sallame shi. Muka tattara muka koma wannan ɗakin, shi kuma ya koma dako a Kantin Kwari, yana ɗaukar dilar atamfa a ka daga bakin mota zuwa shaguna. Ranar da ya samu mu ɗora tukunya, ranar da bai samu ba Inna ta jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli.

Tarin Baba ya fara ne kamar kowane tari. Kowa ya ce ƙurar audugar da ya shaƙa a masaƙa ce take fita. Inna ta dafa citta da kanumfari, ta nemo zuma da lemon tsami, aka sayo maganin tari na kwalba a kemis har ba adadi. Wata ya bi wata. Da daddare zufa ta jiƙa shi sharkaf ko da ana sanyi, wandonsa ya daina zama a ƙugunsa sai ya ƙara ɗaure mazagi. Akwai gwangwanin da yake tofa kaki a ciki, ni nake zubarwa da safe. Ni na fara ganin jini a ciki, na nuna wa Inna, ta karɓe ta ce kada in kuskura in gaya wa kowa.

Da ya je asibiti suka karɓi kakinsa suka duba, suka ce tibi ne, tarin fuka. Ya dawo da ƙwayoyi ya ɓoye su a ƙasan akwatin Inna. Mu yara ba a gaya mana komai ba, na ji ne suna magana ƙasa-ƙasa suna zaton na yi barci. Tsoronsu a fili yake. In mai gida ya ji zai ba mu notis. In aka ji a Kwari babu ɗan kasuwar da zai sake kiran Baba ɗaukar kaya. Kuma a shekarun nan duk magidancin da aka ga yana tari yana ramewa, ba tibi mutane ke raɗawa ba, ƙanjamau suke cewa. Ko sunan Asibitin Zana aka ambata a unguwarmu sai ka ga mutane sun ja da baya.

Inna ta yi iya saninta. Ta ware wa Baba kwanonsa da kofinsa da cokalinsa, tana wanke su daban da ruwan zafi da toka, in ɗayanmu ya taɓa kofin nan ya sha duka. A tunaninta a nan cutar take. Babu wanda ya gaya mata cewa ƙwayar cutar a iska take tafiya, mai ita ya yi tari ta fito ta yi ta yawo a ɗaki na sa'o'i, musamman ɗakin da iska ba ta ratsawa, rana ba ta leƙawa. Kofi yana can a rataye shi kaɗai, taga tana toshe, Auta kuma yana kwana tsakanin Inna da Baba, fuskarsa daf da ƙirjin Baba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wurin da aka ba Baba maganin nan ba a tambaye shi ko yana da yara ba. An rubuta sunansa da nauyinsa da unguwarsu, an ba shi kati. Tun a wancan lokacin ƙa'idar tana nan a rubuce: in an samu babba da tarin fuka a huhu, a duba waɗanda suke kwana tare da shi, ƙananan yara kuma da ba su kai shekara 5 ba a ba su maganin kariya na wata 6 ko da lafiyarsu ƙalau. Yanzu da nake aikin lafiya na san yadda layi yake, na san yadda ma'aikaci ɗaya ke fama da mutum hamsin kafin azahar. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma tambayar ba ta cin minti ɗaya.

A lokacin maganin manya na wata 8 ne, kuma wata biyun farko sai ka je ka haɗiye a gaban ma'aikaci. Ƙwayoyin kyauta ne, wannan gaskiya ne, har yau ma kyauta ne. Sai dai zuwa wurinsu da kuɗin mota, kuma safiyar da za ka yi a layi ita ce safiyar da ake sauke kaya a Kwari. Baba ya daure ya yi wata biyun, ya ɗora na uku. Tari ya lafa, jiki ya fara dawowa. Sai ga 2005 ta kankama. Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna, shekarar yunwa ce, bayan fari da fara sun cinye amfanin gona a Nijar a daminar 2004, hatsi ya yi tsada har a Dawanau, mata da yara daga can suka riƙa shigowa gari suna bara. Kuɗin da Baba ke kawowa ya daina isa tiyar gero. Ga maganin yana buɗe ciki, ya sha da safe yunwa ta riƙa murɗa shi, ya je ya ɗauki dila jiri na ɗibarsa. Wata rana ya ce wa Inna ya warke, kuɗin motar nan gara a sayi gari da shi. Daga nan bai koma ba. Na sha jin ana cewa masu barin magani taurin kai ne da jahilci. Ubana ba jahili ba ne, ya yi karatun allo ya yi firamare. Bakuna shida yake kallo kullum da daddare.

Ni a lokacin ina 'yar shekara tara, ina tallar gyaɗa bayan an tashi daga makaranta. Sau ɗaya muke cin abin kirki a yini. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar tarin fuka a jikinsu tana kwance shiru har su mutu da tsufa ba ta tashi ba, domin garkuwar jiki ta danne ta. Yunwa ce ke tsaga bangon. A gidanmu ta tsaga shi ta ko'ina.

An haifi Auta a gida, ungozoma ce ta yanke cibiya, a ƙarshen 2003. Lokacin ne ake ta ce-ce-ku-ce a kan rigakafin shan inna, har aka dakatar da shi a Kano sai tsakiyar 2004 aka dawo da shi. Tsoron bai tsaya kan ɗigon shan inna ba, ya shafi kowace allura. Ga tsoro, ga babu kuɗin zuwa asibiti, Auta bai samu lambar da na samu ba. Allurar BCG ba ta hana tarin fuka gaba ɗaya, ni kaina shaida ce. Amfaninta mafi girma shi ne tana kare jarirai daga mugun nau'insa, wanda ke hawa ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki duka.

Yaro ne mai ƙiriniya, ya fara gudu tun bai cika shekara ɗaya da rabi ba. Bayan yaye sai ya yi sanyi. Ya daina bin yara tsakar gida, ya zauna a gindin Inna yana kallon mutane. Zazzaɓi kaɗan-kaɗan da yamma, ba ya tafiya ba ya tsananta. Abinci in an ba shi ya kawar da kai. Tari kuwa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ko a mafarki Inna ba ta haɗa ciwonsa da na Baba ba. Aka ce haƙori ne. Aka ce kewar nono ce. Sau uku ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro daga kemis, aka koma aka ce taifot. Gwaggo ta zo ta ce belu ne, aka kira wanzami ya cire, yaro ya kwana biyu bai haɗiyi ko ruwa ba. Da aka ga haka sai zance ya koma kan maita da iska, aka karɓo rubutu, aka yi ta turara masa hayaƙi a cikin ɗakin nan dai da tagarsa ke toshe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da kuɗinsa. In aka haɗa abin da aka kashe a kemis da wajen masu magani, ya ninka abin da asibiti zai ci tun farko. Amma talaka da kaɗan-kaɗan yake iya biya, shi ya sa yake zuwa inda ake karɓar kaɗan-kaɗan.

Azumi ya wuce, sanyi ya shigo. Auta ya fara amai, yana wani irin kuka siriri da ban taɓa jin irinsa ba, sai kuma ya yi ta barci a tashe shi ya ƙi tashi. Wuyansa ya sanƙare, idonsa ɗaya ya karkace. Daren da ya fara jijjiga, Inna ta kwashe kwallayenta na jere da suka rage, da asuba ta kai wa dillaliya, muka ɗauke shi sai asibiti. Ni na bi ta ina goye da ƙanwata.

Likitar mace ce. Ta ɗebi ruwa daga gadon bayansa, ta yi wa Inna tambayoyi da yawa. Ta ce sanƙarau ɗin da muka sani da zafi ya fi zuwa, kuma cikin kwana ɗaya biyu yake kayar da yaro, wannan kuwa makonni ya yi yana rarrafowa. Sai ta ajiye biro ta ce, "Baiwar Allah, wa ke tari a gidanku?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu kowa, likita."

Ni kuwa ina tsaye a jikin bango, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba yana tari. Har da jini."

Kallon da Inna ta yi mini ban manta shi ba. Na yi shekaru ina ganin na tona asirin gidanmu a gaban bare. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Zo nan, 'yata. Tun yaushe?" Na ce tun bara, ya sha magani ya daina, yanzu ya dawo. Tana saurarena tana kallon wuyan hannuna. Ta ɗaga hijabina ta shafa gefen wuyana, ta tarar da kaluluwar da ta yi wata biyu a wurin, ba ta ciwo, ban gaya wa kowa ba don na ga ana fama da Auta. Ta ce wa Inna gobe a kawo mata kowa da kowa, har da maigidan.

A ranar aka fara ba Auta maganin tarin fuka ta robar hanci. Ya yi kwana tara. Ya rasu ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ana cikin tsananin hunturu. Baba ne ya ɗauke shi a hannu zuwa maƙabarta, ko makara ba a nema ba saboda ƙanƙantarsa. Da ya dawo ya zauna a bakin katifa ya ce, "Ni na kashe yaron nan." Inna ta ce, "Malam, kada ka yi saɓo. Kwanansa ne ya ƙare." Ban sake jin sun tayar da maganar ba.

Na yi imani kwanansa ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Na kuma yi imani da abin da aka karantar da mu a Islamiyya, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Maganin da zai kare Auta yana nan a garin da muke, ƙwaya ɗaya a rana, kyauta, shekara guda kafin ya kwanta. Waɗannan abubuwa biyu suna zaune tare a zuciyata, ɗaya bai kori ɗaya ba.

Ana zaman makoki ana kai mu gwaji. An ba ni 'yar roba in tofa kaki, na yi ta ƙoƙari sai yawu. Haka yara suke, ba su iya fito da kaki ba, haɗiye shi suke yi, kuma ko an samu, ƙwayoyin cutar da ke ciki kaɗan ne, madubin likita ba ya cika ganinsu. Wannan ne ya sa tarin fukan yara ke ɓuya. Aka yi mini wata 'yar allura a fatar hannu aka ce in dawo bayan kwana uku, wurin ya kumbura ya yi tauri. Aka ɗauki hoton ƙirji, shi kam sai da aka biya, Kawu ne ya ranta mana. Aka ɗora ni a sikeli, kilo 19, ina shekara tara da wani abu. Likita ta haɗa hoton da kaluluwar da ramar da tarin Baba, ta ce ina da shi. Aka yi mana gwajin ƙanjamau mu duka, babu wanda ke da shi, na ga Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala da hawaye. Ƙannena maza suka fita lafiya. Ƙanwata mai shekara huɗu aka ɗora ta kan isoniazid na wata 6, maganin kariyar nan da Auta bai samu ba. Yanzu tana ɗakin mijinta da 'ya'ya uku, ko tarin kirki ba ta taɓa yi ba.

Nawa maganin wata 6 ne. Babu na yara a lokacin, ƙwayoyin manya ake ɓallawa daidai nauyinka. Inna ta sa wuƙa ta raba, wani lokaci ya dagargaje ta tattara garin a cokali. Da asuba nake sha kafin in ci komai, ɗaci har cikin kunne. Ranar farko da na ga fitsarina ya koma ja na fasa ihu a bayan gida na ɗauka jini ne, ashe aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin, ba ya cutarwa. Inna ba ta iya karanta katin ba, sai ta riƙa jan layi da gawayi a bango bayan ƙofa, kullum ɗaya. Ko ranar da ba a ɗora tukunya ba sai an ja layin nan.

Asiri kuwa ya riga ya tonu. A Islamiyya aka daina zama kusa da ni, wata ta ce uwarta ta hana ta cin gyaɗata, tallar ma ta mutu. Na bar makaranta zango guda. Alhali ƙaramin yaro ba kasafai yake sa wa wani tarin fuka ba, shi ake sa wa, kuma ko babba ne, in ya yi 'yan makonni yana shan magani daidai, haɗarin yaɗawa ya ragu ƙwarai. Matan gidan suka haɗa baki za su kai ƙararmu wajen mai gida. Wata tsohuwa mai sayar da koko a ɗakin ƙarshe, Iya muke ce mata, ita ta tsaya. Ta fito tsakar gida ta ce wanda bai taɓa ciwo ba ya fara zuwa. Daga ranar kullum sai ta aiko mini da kofin koko mai kauri da ƙosai uku, bayan na sha magani da awa guda. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Allah ya jiƙan Iya, ya sa aljanna ce makomarta. Likita ta rubuta magani, amma ban san yadda zan kai ƙarshensa ba in ba don kokon nan ba.

Wata nas ce ta gaya wa Baba zancen taga. Ya dawo ya sa hannu ya fizge kwalin, ƙura da yanar gizo suka zubo. Ya samo ragar sauro ya buga da ƙusa. Da hantsi sai ga rana a kan katifa, daidai inda Auta ke kwanciya. Inna ta tashi ta fita tsakar gida.

A watan Maris na 2006 aka yi ƙidayar jama'a, aka hana fita, malaman ƙidaya suna bi gida-gida suna shafa wa mutane tawada a yatsa. Biyu suka zo ƙofarmu da manyan takardu. Ɗayan ya leƙa ya ce, "Mama, mutum nawa ke kwana a ɗakin nan?" Inna ta ce, "Bakwai." Sai ta yi shiru. Ta ce, "Shida." Ina zaune a tabarma ina jinsu. Ko a wannan shekarun nawa sai da na ji wani abu ya tokare ni, cewa ga tambayar nan an zo har gida an yi mana ita, wata biyu da binne Auta.

Baba ya sake sabon magani daga farko, wannan karon har da allurar streptomycin kullum tsawon wata biyu, irin wadda ake yi wa wanda ya katse a lokacin. Kawu yana achaɓa, shi ya ɗauki nauyin kai shi kowace safiya kafin ya fara aiki. Ya gama wata takwas ɗinsa cif. Ya warke, sai dai allurar ta taɓa masa ji, ƙirjin kuma bai sake ɗaukar dila ba. Yana nan da ransa, yana sayar da carbi da turare a ƙofar masallaci. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Mamana yake kirana. Ranar da na gama makarantar koyon aikin lafiya ya riƙe takardar ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Mamana, ki riƙa tambayarsu yaransu."

A makarantar ne na san cewa abin da ya same mu ba namu ne mu kaɗai ba. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar, a ranar 24 ga Maris, ranar da duniya ke tunawa da tarin fuka duk shekara. Allurar BCG tun 1921 ake yin ta. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu, kimanin miliyan 1.3 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Najeriya ce kan gaba a Afirka, kusan mutum rabin miliyan a shekara. Yawancin yaran da cutar ke kashewa ba su kai shekara 5 ba, kuma mafi yawansu ba a taɓa fara musu magani ba, an binne su ne da sunan zazzaɓi ko tamowa ko iska. Da na ga hotunan unguwannin talakawa na Mumbai da Dhaka da Nairobi a darasi, ɗakinmu na gani, har da tagar.

Abubuwa sun canza, ba zan ɓoye alheri ba. Tun 2010 aka amince da na'urar GeneXpert, wadda ke gano cutar cikin kamar awa biyu, ta kuma nuna ko tana jin rifampicin. Yaron da ba ya iya kaki yanzu ana iya gwada bahayarsa, tunda abin da ya haɗiye can yake fita. Daga 2015 aka samu ƙwayoyin yara masu narkewa a ruwa, masu ɗanɗanon kayan marmari, babu sauran raba ƙwaya da wuƙa. A 2022 hukumar ta ce yaron da ciwonsa bai yi tsanani ba wata 4 ya ishe shi. Maganin kariya ma akwai na wata 3. Akwai lambar 3340 da ake kira kyauta a tambayi inda za a je gwaji.

Abin da bai canza ba shi ne ɗakin da tukunyar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake ganin uwaye suna tsallake ranar karɓar magani, in na kira su ce kuɗin adaidaita sahu ne babu. Ina shiga soraye inda almajirai ashirin ke kwana a jere, ɗaya yana tari. A jihar Jharkhand ta Indiya an yi wani bincike da aka fitar a 2023, aka riƙa ba iyalan masu tarin fuka abinci duk wata, sabbin kamuwa a cikin gidajen suka ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Da na karanta, Iya mai koko na tuna. A ganina duk shirin yaƙi da tarin fuka da zai miƙa wa uwa ƙwaya bai miƙa mata mudun abinci da kuɗin mota ba, ya bar aikin a rabi, kuma yara ne ke biyan sauran.

Kwanan baya aka aiko mana sakamakon gwajin wani magidanci, mai tura ruwa a kura. Na zaunar da shi na yi masa bayani, na rubuta katinsa, sannan na ce, "Malam, mutum nawa ke kwana a ɗakinku?" Ya ce shi kaɗai ne, iyalinsa suna ƙauye. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Na rufe littafin na ce masa ni ma na sha maganin nan ina yarinya, na gaya masa ina da ƙane da ya kamata a ce yanzu ya yi aure. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce in zan zo in zo bayan la'asar, kuma don Allah kada in sa farin kaya.

Na je da atamfata da mayafi kamar mai zuwa barka. Gidan haya ne a can cikin Rimin Kebe, ɗaki na biyu daga ƙofa, an toshe tagar da buhun siminti. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, da goyo a bayanta. Ta ƙirga mini da yatsu, su shida ne. Na ce ta sauko mini da na bayan. Ta kwance zanin ta miƙo shi, ɗan wata goma sha ɗaya, jikinsa da ɗumi, ba shi da nauyi. Na ture hannun rigarsa na hagu ina neman lamba.